"Gaba da gabanta": siffa ce ko dangantaka?

Lawali, Birni: Assalamu alaikum. Jiya muna hirar kokawa a ƙofar gida, ƙanena ya ce da wani gwani da aka kayar, "Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta", kuma ya fassara ta da cewa ƙarfin gwanin ne ya ƙare. Ni ban yarda ba, domin ƙarfinsa yana nan yadda yake, gamuwa kawai ya yi da wanda ya fi shi. Shin zama gaba abu ne da ke jikin mutum, ko kuwa tsakanin mutum biyu yake?

Hajiya Rabi, Zango: Wa alaikumus salam, Malam Lawali. A ganina babu wani abu na uku a tsakaninsu. Idan ka san ƙarfin wannan, ka kuma san ƙarfin wancan, ai ka riga ka san wanda ke gaba. Siffofin ne tushe, fifiko kuwa inuwarsu ce.

Malam Sani, mai koyar da falsafa: Hajiya, maganarki tana da magoya baya tun da daɗewa, kuma a kanta aka yi babbar muhawara a Ingila. A 1893 masanin falsafa F. H. Bradley ya ce idan dangantaka wani abu ne mai zaman kansa, to tana bukatar wata dangantakar da za ta ɗaure ta da ɓangarorinta biyu, ita ma waccan tana bukatar wata, kamar igiyar da ba ta ɗaure kaya sai an samo igiyar da za ta ɗaure ta, har abin ya rasa iyaka. Bertrand Russell ya mayar da martani a 1903 da irin dangantakar da ba ta juyuwa, wato irin ta karin maganarmu: idan wannan ya fi wancan, wancan bai fi wannan ba. A ce nauyin wani kilo 90 ne, na wani 70. Kin mayar da fifikon ga siffofi, amma har yanzu sai kin ce 90 ta fi 70, kuma wannan "fi" ɗin shi ne abin da kika so kora. An fitar da shi ta ƙofa, ya dawo ta katanga.

Duk da haka ina ba ki rabin gaskiya. G. E. Moore ya rubuta a 1919 kan bambancin dangantakar ciki da ta waje. Fifikon nauyi dangantakar ciki ce, domin yana bin siffofin mutanen biyu. Amma kasancewar Agadez arewa da Zinder, ko Zinder arewa da Kano, ta waje ce: ba za ki same ta ba ko da kin ƙirga kowane dutse na garuruwan.

Alhaji Mamman: Malam Sani, Allah ya ƙara ilimi, sai dai wannan ba baƙon zance ba ne a zaure. Masu karatun manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja, sun gaji rukunai goma daga Aristo, masanin falsafar Girka, ɗaya daga cikinsu ita ce idafa, wato dangantaka, kuma misalinta uba da ɗa: ba a kiran mutum uba sai da ɗa.

Malam Sani: Haka ne, Alhaji. Peter Geach ma a 1969 ya kira irin wannan "canjin Kambirij". Ranar da aka haifa wa yaro ƙane ya tashi daga auta ya zama wa, alhali ko gashi ɗaya bai sauya a kansa ba. Gwanin Malam Lawali haka ya sauka daga gaba.

Hajiya Rabi: Na karɓi misalin Agadez, amma ban karɓi na aljani ba. Wanda ya taka wuta ya ƙone, kuma ƙuna a ƙafarsa take, ba a tsakani ba. Shi ya sa ba mu faɗin karin maganar don an haifi wanda ya fi wani a can nesa, sai ranar da suka haɗu ɗaya ya ji a jikinsa.

Lawali: Ke nan ni da ƙanena sai mu sake zama, domin gwanin ya tashi yana ɗingishi.