Neman shawara: silog ɗina na shiga takarda a kaikaice, nauyi ne ko siffa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa maharba. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga harkar silog, wato harsashin bindigar iska mai curin dalma, mai siffar harsashin bindigar wuta.

Bindigata ta iska ce, irin PCP ɗin nan da ake ɗura wa iska a tulu, baki .22, wato milimita 5.5. Da felet, wato harsashin bindigar iska da aka saba, na kamfanin JSB mai giren 18.13 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) ba ni da kuka ko kaɗan. Na'urar auna gudu na nuna ƙafa 880 a sakan, kuma a yadi 50 harbi biyar kan taru wuri guda har babban yatsa ya rufe ramin. Sai in na ja baya zuwa yadi 100 ne labari ke canzawa, da iskar fili ta ɗan motsa sai felet ya bi ta.

An ce mini maganin wannan silog ne, kuma mai nauyi ya fi tsayawa a iska. Na samo mai giren 34, hancinsa da rami, gindinsa shafaffe, a jikin gwangwanin an rubuta .218, wato kaurinsa a inci. Gudu ya faɗo zuwa 650. A yadi 50 sun watsu faɗin tafin hannu. A yadi 100 kuwa wasu ramukan ba zagayayyu ba ne, dogaye ne, kai ka ce a kwance harsashin ya shiga.

Nauyin ne ya yi yawa, ko siffar ce ba ta dace ba? In ƙara wa bindigar ƙarfi ne, ko in nemi mai tsinin hanci? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Maharbi:

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, dogon ramin nan da ka gani shi ne amsar tambayarka, takarda ta riga ta gaya maka komai. Harsashinka ba ya tafiya da hanci a gaba, tangaɗi yake yi a hanya.

Felet da silog ba abu guda ke riƙe su a iska ba. Felet kansa ne mai nauyi, ƙugunsa a tsuke, bayansa kuma buɗaɗɗe ne ba komai a ciki. Iska na jan bayan nan, shi ya sa kan ke zama a gaba ko da juyin da bututu ya ba shi kaɗan ne. Silog ba shi da wannan gatan. Nauyinsa ya fi karkata baya, iska kullum so take ta birkice shi, babu abin da ke hana ta sai juyin da tsagin cikin bututu ya ba shi. Kamar katantanwa ne, muddin tana juyi da ƙarfi tana nan tsaye, da juyin ya gaza sai ta fara layi.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, ba nauyi ne ke neman juyi ba, tsawo ne. Da yake kaurin baki .22 ba ya canzawa, duk giren ɗin da aka ƙara a tsawo yake tafiya. Kafin mu ci gaba ka yi mana abu biyu. Ka auna tsawon silog ɗin. Sannan ka auna murɗin bututunka: ka sa ƙyalle mai ɗan tsauri a sandar wanke bututu, ka manna salatif a jikin sandar ya zama alama, ka tura a hankali ka ga inci nawa take tafiya kafin alamar ta zagayo sau ɗaya. Ka tabbata ka sauke iskar tulun kuma babu harsashi a ciki kafin ka fara.

Mai tambaya:

Na gode Baba. Tsawon silog ɗin milimita 11.5 ne. Sandar kuma ta zagayo sau ɗaya a wajen inci 18.

Injiniya:

To ga lissafin, Malam. Akwai tsohuwar dabarar da wani masanin lissafi ɗan Ingila, Alfred Greenhill, ya fitar a 1879. Ba don bindigar iska ya yi ta ba, saboda haka kar a ɗauke ta kamar yankan wuƙa, amma tana nuna hanya. Ka ninka kaurin harsashi da kansa, ka ninka da 150, ka raba da tsawonsa, duka a inci.

Naka: .218 sau .218 sau 150 ya ba da 7.13. Milimita 11.5 kuwa inci 0.45 ne. In ka raba za ka samu 15.8. Wato silog ɗinka na son zagaye ɗaya a cikin inci 16 ko ƙasa da haka, kai kuma 18 gare ka. Ba laifin bututun ba ne, yawancin bututan felet haka suke, na kamfanin Lothar Walther da aka fi sani ma 17.7 ne. Masu son dogon silog su ne ke neman bututu mai 16.

Yanzu gwada da gajere, mai tsawon inci 0.32, wanda a .22 zai kama giren 21 zuwa 23. Lissafin ya ba da 22 da 'yan kai. Ka ga bututunka ya ishe shi har da rara.

Mai Ƙarfi A Ji:

Ni fa ban ga abin dogon lissafi a nan ba. Gudu ne ya yi kaɗan. Silog a 650? Ai ko tafiya bai fara ba. Ka ɗaga regileta mai daidaita matsin iska, ka matse sifirin ɗin hama mai bugi ya saki iskar, ka kai shi 900 ko 950 ka ga aiki. Da gudu ya ƙaru juyi ma zai ƙaru, shi ke nan magana ta ƙare.

Injiniya:

Ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce. Juyi na ƙaruwa da gudu, babu musu. A 650 cikin murɗin inci 18 harsashin na juyawa sau 26,000 a minti, a 900 kuma sau 36,000. Amma iskar da ke ƙoƙarin kifar da shi ita ma ƙaruwa take yi da gudun, sai ribar ta zama 'yar kaɗan. A lissafin Don Miller na 2005, wanda masu harbin nesa suka fi amfani da shi yanzu, murɗin bututu ninka shi da kansa ake yi, gudu kuwa ɗan gyara ne kawai ake yi da shi a ƙarshe. Harsashin da ya yi wa bututu tsawo, da wuya gudu ya cece shi.

Sannan ina zai samo ƙarfin? Ka ninka giren da gudu sau gudu, ka raba da 450,240, shi ne ƙarfin bindiga a ma'aunin fpe. Felet ɗinsa a 880 na ba da 31. Silog ɗin a 650 na ba da kusan 32. Wannan shi ne abin da bindigar ke da shi a saitin da take. Kafin giren 34 ya kai 900 sai an sami fpe 61, kusan ninki biyu ke nan. Bindigar da aka ƙera a kan talatin da 'yan kai ba ta kaiwa can da murɗa sukurori biyu. Abin da zai samu shi ne ƙara, da ɓarnar iska, da harbi kaɗan a kowace ɗura, ga shi ya lalata saitin da ke ba shi rami guda da felet.

Mai Ƙarfi A Ji:

To, na ji. Amma dai 650 ɗin nan ta tsaya mini a rai.

Tsohon Maharbi:

Ta tsaya wa kowa. A wannan gudun kusan rabin sakan yake yi kafin ya kai yadi 100, faɗuwarsa kuma sai ka ɗaga madubi har ya ƙure. In ya koma giren 21 da ƙarfin da yake da shi yanzu, zai samu 800 da wani abu, wannan kuwa gudu ne da za a iya aiki da shi.

Amma akwai abin da ban ji kowa ya taɓo ba, kuma a ganina ya fi nauyi da siffa duka muhimmanci: kauri. Silog ɗin .22 ba kauri ɗaya gare su ba. Akwai .216, akwai .217, akwai .218, har da sama da haka. Bambancin kashi ɗaya ne cikin dubu na inci, ido ba ya gani, amma bututu na ji. Felet ba ruwansa da wannan sosai, domin bayansa siriri ne, iska na bugunsa ya buɗe ya cika bututun. Silog curin dalma ne, yadda ya shiga haka zai fita. In ya yi sako-sako iska ta tsere ta gefensa, ya kuma shiga tsagi a karkace. In ya matse da yawa ya cinye gudu ya bar dalma a bango.

Ga kuma shaƙewar baki. Bututan felet da yawa ana ɗan tsuke su a inci ɗaya ko biyu na ƙarshe, don kowane felet ya fita da kauri guda. Ga felet alheri ne. Ga dogon silog mai kauri kuwa matsa ce, tana iya sauya masa kama a daidai lokacin da zai fita.

Yadda za ka sani, ka ɗauki silog ɗaya ka tura shi daga gindin bututu zuwa baki da sanda mai rufin roba ko ta tagulla, kar ka sa ƙarfe tsirara. Hannunka zai gaya maka. In yana tafiya sumul da ɗan riƙo har ƙarshe, madalla. In ya zo dab da baki ya cije sai ka danna da ƙarfi, akwai shaƙewa. Ka tare shi a kan ƙyalle ka duba jikinsa a haske: ana so a ga sawun tsagi a fili, daidai wa daida ta kowane gefe, ba a ga an kankare shi har dalma ta yi leɓe a gindi ba.

Mai Harbin Takarda:

Bari in ce wani abu a kan siffa tunda ya tambaya. Malam, ka manta da tsinin hanci tukuna. A ƙasa da gudun sauti, wanda ya kai wajen ƙafa 1,125 a sakan, dogon hanci ba ya ba da ribar da yake bayarwa a harsashin bindigar wuta, tsawo kawai zai ƙara maka, kai kuma tsawo ne damuwarka. Ramin hanci ma haka, dalmar da aka cire daga nan dole a mayar da ita wani wuri, sai harsashin ya fi marar rami tsawo alhali nauyinsu ɗaya. Amfaninsa a farauta ne, don ya buɗe in ya shiga nama.

Gindi ne abin dubawa. Akwai shafaffe irin naka, akwai mai ɗan kwarmi, akwai mai kwarmi mai zurfi, akwai kuma wanda aka tsuke bayansa. Mai kwarmi mai zurfi bakin gindinsa siriri ne, yana ɗan buɗewa in iska ta buge shi, ya toshe bututu, shi ya sa yakan yi wa bindiga mai matsakaicin ƙarfi daɗi. Mai tsukakken baya ya fi kowa ratsa iska, amma shi ne ya fi kowa tsawo, ka bar wa masu murɗin 16. Kuma duk wanda za ka ɗauka ka duba gefen gindinsa, in ya lotsa ko ya ɓantare ka ware shi. Lotsewar hanci ba ta kai ta gindi ɓarna ba, domin gindi ne ke rabuwa da bakin bindiga a ƙarshe.

Wani abu kuma, ka duba magazin, wato gidan da ake jera harsasai. Dogon silog kan gogi bango ko ya shiga a karkace in ana tura shi. Lokacin gwaji ka riƙa sa su ɗaya-ɗaya da hannu.

Na Felet:

Ni dai ga tawa, ko a ɗauka ko a bari. Mutumin da babban yatsa ke rufe harbinsa biyar a yadi 50 me yake nema kuma? Akwai bututan da ba sa karɓar silog ko wane iri aka ba su, sai mutum ya tara gwangwanaye cike da akwati yana nema. In yawancin harbinka bai wuce yadi 60 ba, ka zauna a kan felet ɗinka ka koyi karanta iska. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kuma a riƙa tunawa, silog ba ya mutuwa da wuri kamar felet. Yana tafiya nesa da ƙarfinsa, in ya bugi dutse ko ƙasa mai tauri yana iya tashi ya nufi wani wuri. Abin da ka saba tare felet da shi ba lallai ya tare wannan ba, sai tudun ƙasa ko rairayi mai kauri a bayan takarda.

Injiniya:

Maganar tarewa gaskiya ce, kowa ya riƙe ta. Amma shi yadi 100 yake so, kuma a can bambancin ba ƙarami ba ne. Lambar BC, wato ma'aunin yadda harsashi ke ratsa iska ba tare da ya yi saurin rasa gudu ba, ta felet ɗinsa wajen 0.035 ce. Silog mai giren 21 zuwa 23 na kaiwa kusan ninki biyu na wannan, kuma turin da iskar gefe ke yi masa na raguwa gwargwadon haka. Ka ga ba sai ya je 34 ba, mafi yawan abin da yake nema yana nan a cikin marasa nauyin.

Mai tambaya:

Na tura silog ɗin kamar yadda Baba ya ce. Yana tafiya da ƙyar tun daga farko, da ya zo kusa da baki kuma ya cije sosai sai da na sa hannu biyu. Da ya fito sawun tsagin ya yi zurfi, gindin ya yi ɗan leɓe ta gefe guda. Ke nan in nemi .217 ko .216?

Tsohon Maharbi:

Duka biyun, amma kaɗan-kaɗan, kar ka sayi gwangwani cike. Kamfanin H&N na yin giren 21 da 23 a .217 da .218, JSB na da KnockOut a .216 da .217, FX kuma na da Hybrid mai giren 22. In ka samu kwalin gwaji mai iri-iri a ciki ya fi. Ka fara da .217 mai giren 21, in ya cije a baki kamar wancan sai ka sauka .216.

Ka wanke bututun tukuna, wancan mai kaurin ya bar maka dalma a ciki. Bayan wanki ka yi harbi goma ko ashirin a banza da irin da za ka gwada, don bututu ya saba da shi, sannan ka fara ƙirga. Ka zaɓi lokacin da iska ta kwanta, ka ɗora bindiga a kan jakar rairayi, harbi goma-goma ga kowane iri, domin uku ko biyar na iya taruwa da sa'a kawai. Kar ka taɓa regileta ko hama sai ka ga irin da ya fi taruwa a yadi 50 da zagayayyen rami. Shi kaɗai za ka kai yadi 100, sannan ka fara motsa gudu ƙafa goma ko ashirin sama ko ƙasa. Ka rubuta saitin felet ɗinka a takarda kafin ka murɗa komai.

Ka turo mana hoton takardun tare da gudun kowane iri.