Faɗuwar gaba da rashin barci: in sayi ƙwayoyin ƙarin sinadari ko in gyara cimata?

Malama, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Katsina, kuma wata huɗu ke nan ina fama da faɗuwar gaba ba gaira ba dalili. Wajen ƙarfe 11 na safe hannuna yakan ɗauki rawa, zufa ta karyo mini, zuciyata ta riƙa bugawa kamar an aiko mini da saƙon rasuwa, da dare kuma barci ba ya zuwa sai bayan ƙarfe ɗaya. An auna ni har sau biyu, ba ni da hawan jini. Ba na karyawa, kofi biyu na Nescafé da sukari nake sha in fita, da la'asar kuma shayi da ɓarin goro. Na ɗauki adashi, sai wata ta kawo mini kwalabe uku na ƙwayoyin ƙarin sinadari a kan naira 45,000, ta ce suna kwantar da hankali. In saya ne, ko in zuba kuɗin a abinci?

Baba Alhaji, Sabuwar Unguwa: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki rage gishiri da maggi, domin wannan alamar hawan jini ce, kuma ki lazimci azkar na safe da na maraice. Allah Ya ba ki lafiya.

Malama, Ƙofar Marusa: Amin Baba, na gode. Sai dai na ambata cewa an auna jinin nawa har sau biyu, kuma bai hau ba.

Ma'aikaciyar jinya, Daura: Malama, rabin amsarki tana cikin tambayarki. Nescafé da shayi da goro duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin (caffeine), wanda ke sa zuciya sauri ya kuma kori barci, kuma jiki yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha, don haka goron la'asar yana tare da ke har lokacin kwanciya. Ana ba babban mutum iyakar miligiram 400 a yini, amma mai fargaba yakan ji a jikinsa tun bai kai nan ba. Rawar hannu da zufar ƙarfe 11 kuwa sun yi kama da na wanda ya sha zaƙi a cikin da babu komai: idan sukarin jini ya sauka, jiki yana sakin sinadarin da yake saki lokacin tsoro. Ki karya da ƙosai da kunun gyada, ko ɗumamen tuwo, ko ƙwai, na mako biyu ki gani. Kada ki yanke Nescafé rana ɗaya, ciwon kai zai kama ki na 'yan kwanaki, ki riƙa ragewa a hankali.

Maman 'Yan Biyu, Ƙofar Ƙwaya: 'Yar'uwa, kada ki saya, ni na riga ki shiga wannan ramin. Bayan haihuwata ta uku haka na koma, ko sallama aka yi a zaure sai gabana ya yanke ya faɗi. Wata 'yar'uwar maigidana ta ce jikina ne ya rasa sinadarai, ta riƙa kawo mini kwalabe duk wata, har na sayar da ɗan kunnena na gwal da tunkiya biyu. Wata takwas ina haɗiya da safe da dare, ina ramewa duk da ina cin abinci kamar gara, ita kuwa tana cewa dattin jiki ne ke fita. Ranar da na zube a bakin murhu ina tuƙa tuwo aka kai ni asibiti, aka ɗebi jini, aka gano ƙarancin jini da kuma matsalar ƙwayar maƙogwaro, wadda ke kawo maƙoƙo, tana aiki fiye da kima. Da aka ɗora ni a kan magani, cikin 'yan makonni na fara barci. Har yau matar nan ba ta ce mini sannu ba, a wajen biki ma kawar da kai take yi, kamar ni na ci mata kuɗi.

Hajiya, Jibiya: Allah Ya saka miki, Maman 'Yan Biyu. Amma 45,000 ta yi yawa, ƙanwata ta sayi irinsu a 28,000.

Ɗan kasuwa, 'Yar Kutungu: Hajiya, wanda aka sayar 28,000 jabu ne, na ainihi ba ya yin ƙasa da 60,000, kuma matata ta ji daɗinsa.

Mai shayi, Ƙofar Ƙaura: Ina roƙon Anti ma'aikaciyar jinya ta ji tsoron Allah a kan sana'armu. Shekara 19 ina haɗa shayi, kuma ban taɓa ganin wanda gabansa ya faɗi a teburina ba, sai lokacin da na buɗe littafin bashi.

Baba Alhaji, Sabuwar Unguwa: Mai shayi ya faɗi gaskiya cikin raha. Mahaifina ya ci goro har ya haura shekara 90, bai san wata fargaba ba. Yanzu kowa ya karanta shafi biyu a waya sai ya zama likita.

Ma'aikaciyar jinya, Daura: Baba, da girmanka, ba a waya na karanta ba, shekarata 14 a ɗakin marasa lafiya. Jiki da jiki ya bambanta, kuma mahaifinka na tabbata yana shan fura da nono kafin ya ɓare goronsa. Ban ce abinci kaɗai ke warkar da ciwon fargaba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da shi a 2019, kuma da yawansu sai an haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa. Labarin Maman 'Yan Biyu ya isa dalilin da Malama za ta fara da gwajin jini. Idan ƙarancin jini ne, hanta da wake da zogale da alayyafo suna taimakawa, amma shayi a kan abinci yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikinsu, lemon tsami kuwa yana ƙara shi.

Maman 'Yan Biyu, Ƙofar Ƙwaya: Anti, kina ta lissafa hanta da ƙwai da kifi, da wane kuɗin? Likita ya ce in riƙa cin ƙwai kullum, maigida ya ce to, amma kuɗin cefanen da yake ajiyewa a kan firji bai canza ba tun kafin a cire tallafin mai a 2023.

Ɗan kasuwa, 'Yar Kutungu: Ku riƙa yi wa maza adalci. Mu ma da ruwan shayi muke wuni a rumfa, kuma namu gaban ya fi naku faɗuwa idan wata ya kai ashirin.

Hajiya, Jibiya: Malam, tsiren da kuke ci a majalisa bayan isha'i, ku shigo gida kuna goge baki, shi ma ruwan shayi ne? Macen da ke shayarwa ita ce ta ƙarshe a kan tukunya, sau da yawa ƙanzo take samu.

Malama, Ƙofar Marusa: Na gode muku duka. Yau na karya da ƙosai na naira 300, kuma ban ji rawar hannun ba sai bayan azahar. Mai kwalaben ta ce gobe za ta zo karɓar kuɗi. Don Allah, a cikinku wa ya san nawa ake yin gwajin maƙogwaron nan a Katsina?