"Lafiya ƙalau ya kwanta": waɗanda suka yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, yaya barcinsa yake kafin ciwon?

Malamin firamare, Ringim:
Assalamu alaikum. Duk inda ka je dubiyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye a ƙauyukanmu, magana ɗaya za ka ji: "Lafiya ƙalau ya kwanta, da asuba aka tarar da shi haka." Daga nan sai a ce iska ce ta shafe shi, ko jifa aka yi masa. Ni dai na fara shakkar wannan lafiya ƙalau ɗin. Ina roƙon waɗanda suka yi jinya da hannunsu, da waɗanda ciwon ya taɓa Allah ya tashi kafaɗunsu, su gaya mana yadda barcin mutum yake kafin abin ya faru da kuma bayansa. Abin da ido ya gani nake so, ba hirar majalisa ba.

Uwargida daga Taura:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka sosa min inda yake yi min ƙaiƙayi. Maigidana dillalin hatsi ne, mutum mai jiki, ga gajeren wuya mai kauri. Tun ina amarya yake minshari, har daga tsakar gida ana jiyo shi. Amma a shekarun baya-bayan nan minsharin ya sake salo. Zai ja, ya ja, sai ka ji tsit. Ƙirji yana ɗagawa amma babu iskar da ke wucewa. Ina kwance ina ƙirgawa a zuci har in wuce ashirin, sannan ya zabura yana haki kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya juya, ya koma, a sake sabon lale. Ranar girkina ba na runtsawa. Na tambayi abokiyar zamana, ta ce ita ma abin da take gani ke nan, amma nauyi ya hana mu faɗa wa kowa. Da wane baki mace za ta kai ƙarar minsharin mijinta?

Da safe sai ya tashi da ciwon kai, maƙogwaro a bushe, ga yawan fita fitsari cikin dare. Da rana kuwa ana tsaka da ciniki sai a ga yana gyangyaɗi a kan buhu. An taɓa gwada shi aka ce jininsa ya hau, ya sha magani, da ya ji dama ya ajiye. Ranar da abin ya faru ya tashi kama ruwa don sallar asuba, buta ta suɓuce masa, baki ya karkace. Dangi suka ce ai banɗaki ne, bai yi addu'ar shiga ba. Sai da likita a Kano ya dube ni ya ce, "Hajiya, numfashinsa yana ɗaukewa in yana barci?" sannan na san abin da muka daɗe muna kallo ciwo ne. Yanzu yana takawa da sanda, alhamdu lillahi.

Ma'aikacin lafiya, Birnin Kudu:
Hajiya, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Abin da kika kwatanta shi ne ɗaukewar numfashi cikin barci, kuma na fi jin labarinsa daga bakin matan aure, domin mai ciwon bai san yana yi ba. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da gindin harshe kan saki su rufe hanyar iska. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10, kuma wanda abin ya yi wa tsanani yakan yi sau 30 ko fiye a cikin awa ɗaya. Duk tsayawa guda, iskar da ke cikin jini tana raguwa, jiki ya firgita, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau. A ƙa'ida jinin mai lafiya yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 da dare, jijiyoyi su huta. Mai wannan matsala ba ya samun hutun nan, shekara da shekaru. Tana kuma iya rikita bugun zuciya har jini ya yi gudaji, gudajin ya tafi ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa.

Maganar banɗaki kuwa, ba na raina addu'a, ni ma ina yi. Amma a sani cewa jinin kowa yana tashi ne a daidai lokacin farkawa, shi ya sa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya fi aukuwa daga asuba zuwa hantsi, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar da jijiyarsu ta toshe farkawa suke yi da shi. Ina mutum yake fara nufa in ya tashi? Banɗaki. A nan ciwon yake riskarsa.

Wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka buga a mujallar Neurology a 2023, kan mutane kusan 4,500, ya nuna masu barcin ƙasa da awa 5 sun ninka masu awa 7 haɗari kusan sau uku, masu wuce awa 9 kuma fiye da sau biyu. Su kansu masu binciken sun ce alaƙa suka gani, ba su tabbatar barcin kaɗai ne sanadi ba. Babban tushen dai hawan jini ne: binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, har da Asibitin Malam Aminu Kano, ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon a kansa. Lalacewar barci tana cikin abubuwan da ke hura shi.

Direban tirela, Maigatari:
Likita, naka ya shige ni. Shanu nake ɗauka daga kasuwar Alhamis in nufi Kudu, kuma mai kaya ba ya son ka tsaya dabba ta galabaita. Goro a baki, shayi mai kauri a kowace tasha, ga kwalaben nan na ƙara kuzari da yaran mota suka koya mana. In na dawo gida kuma barcin ya ƙi zuwa, in kwana ina juyi. Wata rana ina karyawa a wajen mai shayi, kofi ya faɗi daga hannuna na dama, na buɗe baki zan yi magana harshe ya yi nauyi. Kafin a gama yi min fifita komai ya dawo daidai. Abokai suka ce gajiya ce. Matata ce ta matsa na je aka gwada, aka ce wannan gargaɗi ne, jijiya ce ta toshe ta buɗe, kuma babban yana iya biyo baya cikin 'yan kwanaki in ba a tare shi ba. Yanzu ina kan magani, mun zama direba biyu a mota, kuma daga la'asar ba na taɓa goro. Kuɗin ya ragu, ba zan ɓoye ba.

Manomin rani, Kura:
Mu kuma fa? In layin ruwa ya zo maka tsakar dare a Kadawa, dole ka kwana a gona kana ban ruwa, in ba haka ba na ƙasa ya janye. Gari ya waye ka shiga cirar tumatir, lokacin shinkafa kuma ka wuni korar jan-baki. Awa bakwai ɗin nan a ina talaka zai samo ta?

Dattijo daga Jahun:
Ɗana, iyayenmu ma sun yi aikin dare, amma ba su san hira bayan isha'i ba, kuma ba sa barin ƙailula. Ku yanzu ranar da babu ban ruwa ma kuna gidan kallon ƙwallo ko kan waya har ɗaya na dare. A fara rama wannan tukuna.

Ma'aikacin lafiya, Birnin Kudu:
Baba ya yi gaskiya. Gajeriyar ƙailula, kamar rabin awa, tana da amfani ga wanda ya yi aikin dare. Wadda nake tsoro ita ce ta mutumin da ya kwana a shimfiɗa cikakken dare amma kullum sai ya yi barcin rana fiye da awa guda kuma bai wartsake ba. Wannan a binciki darensa. Kai kuma ɗan'uwa na Kura, in dare ya fi ƙarfinka, gwajin jini bai fi ƙarfinka ba, minti biyu ne a asibitin sha-ka-tafi, sai kuma rage gishiri da dunƙulen miya.

'Yar Inna, Gwaram:
Ni bayan ciwon zan faɗa, don shi ba a cika magana a kai ba. Da aka sallamo mahaifiyarmu, sai darenta ya koma rana. Ta wuni tana barci, dare ya yi ta hau kiran sunayenmu tana kuka ba dalili. Muka gaji, yayanmu ya sayo ƙwayar barci a kemis. Ta yi barci kam, amma numfashinta ya koma wani iri, kuma da ta yunƙura za ta tashi ta faɗi. Da muka koma asibiti likita ya hana, ya ce irin wannan ƙwaya tana ƙara sakin maƙogwaro, kuma fiye da rabin waɗanda suka yi wannan ciwo suna da ɗaukewar numfashi ko da ba su sani ba. Ya ce kukan ma daga ciwon ne, damuwa ce da ke biyo bayansa, ba rashin tawakkali ba, kuma tana da magani. Wannan kalma ta sanyaya min rai ƙwarai, don har an fara cewa Inna ba ta da haƙuri.

Abin da ya taimake mu: kullum da hantsi mu fito da ita tsakar gida ta sha rana, jikoki su kewaye ta da surutu don kada ta yi dogon barci, shayi kuma sai da safe. Sannan don Allah, ranar da mutum ya faɗi kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu. Haɗiya tana lalacewa, abin ya zarce huhu. Mu an yi wa Inna, ta sha wahalar ciwon ƙirji a kan na farko. A tofa masa addu'a, a shafa, a sa shi a mota.

Ɗalibi daga Kazaure:
Tambaya gare ni. Dannau yana yawan kama ni, in farka in kasa motsa ko yatsa. Shi ma alamar ciwon ce?

Ma'aikacin lafiya, Birnin Kudu:
A'a, ƙanena. Dannau jiki ne bai gama fita daga matakin mafarki ba alhali hankali ya farka. Yana kama duk jiki, ya saki cikin ɗan lokaci, kuma ƙarancin barci da kwanciyar rigingine suna ƙara shi. Wancan kuwa gefe ɗaya yake kamawa: fuska ta karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, magana ta harɗe. In aka ga haka kada a ce bari gari ya waye. A riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, don likita zai tambaya, kuma allurar narkar da gudajin jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi take aiki. Kada a ba shi asfirin kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin wani jijiya ce ta fashe ba toshewa ba.

Amarya daga Sumaila:
Hajiya ta Taura, jikina ya yi sanyi. Nawa maigidan bai kai arba'in ba amma yadda kika faɗa haka yake yi, har da zaburar. Na taɓa yi masa maganar ya ce sharri nake masa. Yaya zan yi?

Uwargida daga Taura:
'Yata, kada ki yi jayayya da shi, ba zai yarda da abin da bai ji ba. Ki ɗauki sautin a waya, musamman inda ya yi shiru sannan ya zabura, ki kunna masa ku biyu kaɗai bayan ya ci abinci. In ya ƙi, ki samu yayansa ko aminin da yake jin nauyi ya raka shi gwajin jini, su kuma kunna wa likita sautin. Mu an yi mana maganar wata na'ura da ake sa wa a hanci tana tura iska duk dare, an ce ita ce maganin na sosai, amma tana son wuta ko sola, ga tsada, har yanzu muna tara kuɗin. Kafin nan likita ya ce ya rage ƙiba ya daina kwanciya rigingine, sai na ɗinka aljihu a bayan rigar barcinsa na sa goruba a ciki, da ya mirgina ta tokare shi ya koma gefe. Tsayawar numfashin ta ragu sosai, ko da yake ba ta ɗauke duka ba. Ki fara da wayar yau da dare.