Na shiga aji biyu da CGPA 2.10, karatun duk ya fita raina

Dan_Aji_Biyu:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Na gama aji ɗaya a jami'a da CGPA (matsakaicin sakamakon duk kwasa-kwasan da na yi) 2.10 ga kari-oba guda biyu, wato kwasa-kwasan da na faɗi sai na maimaita, wlh tun da aka kafe sakamako ko littafi na buɗe ba abin da yake shiga, a sakandare ni ake kawo wa lissafi in warware amma nan na zama kamar ban taɓa zama a aji ba. Kullum sai na hau mota biyu kafin in iso makaranta, kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, wani lokacin in iso an ce malamin ma ba zai zo ba. Baba kuma duk wanda ya gani sai ya ce masa ɗana yana jami'a, na kasa faɗa masa gaskiya. Anya akwai sauran gyara kuwa?

Malam_Lissafi:
Ƙanina ɗauko biro mu yi lissafi tukuna kafin ka yanke ƙauna. In kos ɗinka na shekara huɗu ne kuma yunit ɗin kowace shekara, wato nauyin kwasa-kwasanta, kusan ɗaya ne, kafin ka fita da 3.50, wato tu-wan (digiri mai daraja ta biyu a matakin sama), jimillar shekarun huɗu sai ta kai 14. Ka riga ka samu 2.10, saura 11.9 a shekara uku, kusan 4.0 ke nan duk shekara. To 4.0 fa B ne, maki 60 ne, ba wai sai ka ci 70 a komai ba. Kari-oba ɗin za su ɗan ƙara nauyi, amma dai abin bai fi ƙarfinka ba. Da a ƙarshen aji biyu ka zo da wannan 2.10 ɗin da sai na ce maka sai kusan 4.9 duk shekara, wannan kam sai dai addu'a. Shi ya sa bana ce shekararka.

Kuma inda yara ke faɗuwa ba a jarrabawa ba ne, a tes da asainmen ne. In makarantarku 30 ake ba CA, wato tes da asainmen ɗin, ka samu 22, maki 38 kawai kake nema cikin 70 ka kai B. Amma mutum ya shiga jarrabawa da 8 yana jiran mu'ujiza. Sannan ka duba kos mai yunit uku, shi ke jan CGPA sama ko ƙasa, kar ka ƙare ƙarfinka a mai yunit ɗaya.

Ummu_Hanan:
Ni dai yajin aikin ASUU na 2022 a aji uku ya same ni, daga Fabrairu har Oktoba wata takwas muna gida, kafin shi ga na 2020 da korona, da muka koma wlh ko sunan kwasa-kwasaina sai da na duba. Ga goyo ga girki. Abin da ya taimake ni na daina karatun kwana, wannan da ake zama a aji har asuba ana shan kofi, washegari ka shiga jarrabawa kanka kamar an cika shi da auduga. Na koma awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba kullum, waya tana wani ɗakin, ba a kusa da ni ba, don in tana kusa to TikTok ya cinye lokacin. Mu uku muka haɗa kai duk Asabar kowa ya koyar da abu ɗaya, ranar da za ka tsaya gaban mutane ka yi bayani dole ka karanta ko don kunya.

Bakatsine:
Duk gaskiya kuka faɗa amma kun tsallake maganar aljihu, mai jin yunwa ba ya haddace komai. Ɗan uwa ka cika NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, kuwa? Suna biyan kuɗin makaranta kuma akwai dubu 20 na wata, bashi ne dai ba kyauta ba, ka sani. Ko ka nemi wanda za ka raɓa a hostal ranakun da lakca ta yi yawa. Ni kuma ban yarda sai tu-wan ne mutum ba, da tu-tu, mai bi masa a ƙasa, na fita ina cin abincina, amma kar ka bari kari-oba su taru su ja maka ƙarin shekara, wannan ne mai ciwo, abokanka suna bautar ƙasa kai kana zaune da yaran aji ɗaya.

Batun Baba kuma ka faɗa masa da bakinka, gara ya ji daga gare ka.

Dan_Aji_Biyu:
Na gode sosai Allah Ya saka da alheri. Malam na sake lissafin da yunit ɗina na gaske ya ba ni 4.1, gsky ban taɓa zama na yi shi ba sai yau. Anti asubar zan gwada daga gobe in sha Allah. Maganar Baba ce dai har yanzu gabana ke faɗuwa, ina ga ta wajen Umma zan fara bi. Wa yake da tambayoyin shekarun baya na lissafin aji ɗaya ya taimaka min?