Shagon kofi a ƙasar waje: abin da 'yan majalisarmu suka ce

Wani ƙaninmu zai tafi karatu waje, shi ne aka taso da zancen a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, waɗanda suka taɓa zama Masar da Turkiyya da Ingila kowa ya ba shi shawara.

Yawanci sun ce ya nemi ƙaramin shagon kofi na unguwa wanda mai shi ke tsaye a ciki, ya bar manyan kamfanonin kofi irin su Starbucks da Costa sai in tafiya ta kama. Wai a ƙaramin shago in ka juri zuwa za a san fuskarka, a san yadda kake son naka, ranar da ba ka zo ba a tambaya, kamar dai teburin mai shayi a nan gida. Ni kam wannan ce ta fi kama hankalina, don kaɗaici ne ke fara cin mutum a can tun kafin sanyi.

Yaya da ya zauna Istanbul ya ce kofinsu da gari a ƙasan kofin, kar ka shanye har ƙarshe, kuma sukari tun wajen oda ake faɗa don tare ake dafawa. Na Alƙahira ya ce can ma haka ne, sai dai hayaƙin shisha a wasu wuraren, ka duba kafin ka zauna.

Na Ingila kuwa kuɗi ya dame shi, ya ce kullum kofi ɗaya sai ka ga alawus ya zube, ka karɓi katin nan da suke buga ma hatimi, in ya cika a ba ka ɗaya kyauta. Kuma ka tambayi abin da ke cikin kek ɗin, wani da giya ake haɗa shi.