Leza mai koren haske tana raguwa in ta ɗau zafi, ina matsalar take?

Salamu alaikum, masana. Leza ce mai zangon haske (wato abin da ke ba haske launinsa) nanomita 532: diyod ('yar ƙaramar fitilar leza) na nanomita 808 ke haska kiristal Nd:YAG, sai wani kiristal ɗin, KTP, ya mai da hasken da Nd:YAG ya fitar kore. Da kunnawa tana ba da miliwat 100, bayan minti goma ta sauko 40, alhali lantarkin da ke shiga bai canza ba.

Na san zangon hasken diyod yana gusawa kusan nanomita 0.3 a kowane digiri, har ya kauce wa zangon da kiristal Nd:YAG ke shan haske. Shi ya sa aka sa Peltier (na'urar sanyayawa ta lantarki) ya riƙe zafin diyod a digiri 25. Ma'aunin zafin na nuna 25 ɗin, sai dai a gefen farantin da diyod ke zaune a kai yake manne, nesa da diyod. Shi ke yaudarata, ko KTP ne ke ɗumama? Wanne zan fara aunawa?