Wace dabara Max Ernst ya bi wajen zana duwatsun nan nasa?

Ɗan koyo: Salamu alaikum malamai. Duwatsun da ke cikin zanen Ernst, Bajamushen mai zanen nan, mai suna Europe After the Rain kamar ba buroshi ya yi su ba. Yaya ake fitar da irinsu?

Mai alli: Wa alaikumus salam. Sunan dabarar dekalkomaniya, wadda Óscar Domínguez, mai zane ɗan ƙasar Sifen, ya shahara da ita wajen 1936. Ka shafa fentin guwash, wato wanda ake damawa da ruwa, a takarda mai santsi, ya yi kaurin kunu. Ka ɗora wata takardar, ka danna da tafin hannu, sannan ka ɗago a hankali daga kusurwa ɗaya. Iskar da ke kutsawa tsakani ce ke jan fentin ya yi rassa. In ruwa ya yi yawa sai ya caɓe, in ya fara bushewa takardun su manne su yage. Shi Ernst fentin mai ya yi amfani da shi.

Gwaggon zane: Ɗana, kada ka haɗa ta da frotaj, wadda Ernst ya soma a 1925. Ita frotaj, takarda mara kauri ake ɗorawa kan katako ko ganye, a goga fensir mai taushi, kamar 6B, a kwance. Ka manne gefunan, don in ta motsa layukan biyu-biyu za su fito.

Mai alli: Gaskiya ne, Hajiya. Sauran aikin dekalkomaniya kuwa sai fenti ya bushe. Ernst yakan zana sararin sama daga baya, ya rufe abin da ba ya so, har siffar tsuntsu ko mutum ta fito daga tabon.